Kwamfutar da Kyankyaso Ba Ya Shiga

Tsoron ya kama Basiratu ne a daidai lokacin da hedimasta ya miƙo mata wayar. Waya ce mai kauri, mai shuɗin kai da ƙananan haƙora a ciki, ta fito daga jikin furojekta, na'urar da ke haska darasi a bango. Basiratu ta juya laftof ɗinta dama, ta juya ta hagu, har ta ɗaga ta leƙa ƙasa. Ramuka biyu ne kacal a jikinta, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Ga yara cike da aji sun zuba mata ido, ga malamai uku masu tantancewa zaune a baya, darasin da ta daɗe tana shiryawa kuwa yana kulle a cikin kwamfutar, babu ta inda zai fito. Wannan makaranta ta Asokore Mampong ita ce ta farko da ta kira ta gwajin aikin koyarwa tun da ta gama jami'a.

Ta sauka daga trotro, motar haya, ta shigo layinsu a Zongo. Kakanta Alhaji Bawah, wanda ya saya mata laftof ɗin kyautar gama karatu, yana kishingiɗe a kujerarsa a ƙofar gida. Ta durƙusa.

"Sannu da hutawa, Kaka. Ya ƙafar?"

"Ƙafa tana nan, ta fi taki ƙarfi. Ya gajiya, amarya? Sun ba ki makarantar, ko sai na je na karɓo miki da kaina?"

"Wace amarya? Auren nan ya mutu yau. Na sake ka."

"Ei! Yanzu mace ce ke saki? To ki tattara kayanki, amma ki bar mini kwamfutata."

"Ɗauki abarka. Dama faranti ka sayo mini. Gobe sai ka ci waakye, shinkafa da wakenka, a kai."

"Faranti? Yarinyar nan ba ki da kunya kraa. Da ƙafata na je kasuwar Adum, na tsaya gaban Munkaila mai shago, na ce masa ya ba ni irin ta manyan ma'aikata, siririya, wadda kyankyaso ba zai sami wurin shiga ba."

"Kyankyaso bai shiga ba, Kaka. Wayar furojekta ma ba ta shiga ba."

"Wayar ce ta yi ƙiba. Ta rage cin tuwo."

"Wayar ta girme ni. Tana aikinta lafiya lau tun kafin a yaye ni."

"To ai kin ji. Tsohuwa ce, ta koma gida ta huta. Ke ba ki san abin da rami ke jawowa ba. Rediyona na farko, ramuka ne a bayansa kamar rariya. Kyankyasai suka shiga suka yi aure, suka haifi 'ya'ya da jikoki. Da na kunna labaran duniya, sai su fito a jere su ma suna saurare."

"Su ne ma masu fassara maka, tunda kunnenka ya tafi hutu."

"Kunnena yana jin abin da ya ga dama. Yanzu haka bai ji maganar saki ba."

Basiratu ta zauna a bakin dakali, ta ajiye jakar laftof ɗin a cinyarta. "Kaka, kwamfutar aiki ai kamar gidan Zongo take. Baƙon Bawku ya zo, ya sami ƙofa. Na garin Wa ya zo, ya sami ƙofa. Wannan taka kuwa gidan Bature ce, an kewaye da katanga, sai wanda aka haifa jiya ne zai shiga. Makarantun garin nan da ofisoshi ba za su zubar da na'urorinsu ba don wani can ya ga dama ya rage wa laftof kauri."

"In kowa ya ce a bar masa ramin kakansa, laftof zai koma batirin tirela. Wa zai ɗauka? Ke da bokitin ruwa ke kayar da ke a tsakar gida?"

"Gara na ɗauki batirin tirela da na ɗauki kunyar da na ɗauko yau."

Maganar ta fito da wata murya dabam. Alhaji Bawah ya gyara zama, ya dube ta da kyau. Sai a lokacin ya lura da yadda ta damƙe igiyar jakar.

"Sun ga na rikice," in ji ta a hankali. "Hedimasta ya ce ba su da adafta, ɗan abin da ke haɗa tsohuwar waya da sabon rami. Ya ce in ba zan iya ba, akwai wata tana jira a waje. Sun ce za su kira wanda suka ɗauka cikin makon nan. Kaka, in wannan ya wuce ni, ban san ranar da wani zai sake kirana ba."

Tsohon ya taɓe baki. "Sai kika fashe da kuka, kika kira sunan mijinki."

"Allah ya kiyaye! Da na kira sunanka ai da yaran sun watse."

"To me kika yi?"

"Darasin a kan zuciya ne, yadda take tura jini. Na shirya hoto mai motsi, mai kyau paa. Da abin ya ƙi, sai na zana zuciya a allo. Yaran suka ce doya ce."

"Sun yi miki adalci. Ni na san zanenki."

"Sai na ga ledar fiya wata a kan tebur. Na huda ta, na ce musu wannan ce zuciya, na matsa, na saki, na matsa. Na tambaye su wa ubansa ke aiki a Magazine, unguwar makanikai. Rabin ajin suka ɗaga hannu. Na ce to zuciya famfon mai ce, jijiyoyi su ne tiyo, in tiyo ya toshe inji ya mutu."

Alhaji Bawah ya buga sandarsa a ƙasa. "Maganata ce! Wallahi maganata ce, ɓarauniya! A shagona kika sace ta kina rarrafe cikin baƙin mai!"

"Gado na ci tun kana da rai, don na ga ba ka da niyyar tafiya."

"Yaran sun gane?"

"Har gardama suka kama yi a kan bawul, 'yar ƙofar da ke hana jini komawa baya. Amma da na matsa na ƙarshe, ruwan ya yi tsalle ya sauka a takalmin wata madam cikin masu tantancewa."

"Ta yi fushi?"

"Ban sani ba. Ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna motsi. Ko dariya ce, ko ranta ne ya ɓaci."

"To kin gani? Da na sayo miki mai ramuka, da kin kunna musu sinima kin koma gefe kamar mai gadi. Kwamfutata ce ta sa kika buɗe baki. Ki yi mini godiya, sannan ki janye sakin."

"Ba zan janye ba sai ka amsa mini tambaya ɗaya. Wane ne Masta Bawah na Suame Magazine?"

"Kyakkyawan saurayi ne, har yanzu 'yan mata na tambayarsa."

"Ba shi ne ya ƙare ƙuruciyarsa yana yanka farantin ƙarfe don tsohon giyabos ya kama sabon inji ba? Ba shi ne kullum ke cewa motar da ba ta karɓar tsohon kaya ba motar talaka ba ce?"

"Wannan mota ce. Mota dabam."

"Kuma wa ya tsaya tsakiyar gareji, ranar da aka kawo motar da notinta ya ƙi sifanarsa, ya ɗaga hannu sama ya ce duk injiniyan da ya canja girman noti, Allah ya sa ya tura tirela daga Tamale har Kumasi ba takalmi?"

 Sai dariya ta ƙwace wa Alhaji Bawah, irin wadda ke sa shi tari, hularsa ta zame ta rufe masa ido ɗaya. Basiratu ma ta kasa riƙe tata.

"Wa ya faɗa miki wannan?"

"Duk Magazine sun haddace addu'ar."

"To na ƙara mutum ɗaya a ciki. Wanda ya toshe ramukan kwamfutarki ya kama wa injiniyan turi." Ya share hawaye da bakin rigarsa. "Kin ci ni, 'yar banza. Gobe mu je wurin Munkaila tare, ya ba mu adaftar nan, mai baki kowane iri, har da wanda ba a ƙirƙiro ba tukuna."

Ya sunkuya ya jawo wani kwano da ya ɓoye ƙarƙashin kujera, ya buɗe. Gasasshen zabo ne da yaji, saura cinya ɗaya da ƙirji.

"Ungo cinyar. Kada ki faɗa wa uwarki, ta hana ni yaji."

"Cinya kawai? Haka ake biko a garinku?"

"Ɗauki duka, mayya. Allah ya sa madam ɗin dariya take yi."

"Amin, Kaka."

Ta ci da hannun dama, wayarta tana hannun hagu, ta ƙure mata ƙara. Har aka kira sallar magariba makarantar ba ta kira ba.