Tauraro Ɗaya Daga Gidan Mai Girma

Yau da waya aka tashe ni. Ba kira ba ne. Yaya ce ta kanga min ita a fuska, ta ce in karanta.

Uku da ɗigo tara.

Yayata ɗinkin labule take yi, tana sayarwa a wata manhajar ciniki. Ni ne mai kai wa mutane kaya a babur. Tun da na gama sakandare aikin da na samu ke nan, shi ma don nono ɗaya muka sha. Shekara da shekaru shagonta bai taɓa sauka ƙasa da tauraro huɗu da rabi ba. A manhajar nan kuwa, shagon da ya gaza huɗu ba ya fitowa a shafin farko. In ba ka shafin farko, ka zauna ka yi ta kallon keken ɗinkinka.

Ba ta yi faɗa ba. Da ma faɗan ta yi. Cikin sanyin murya ta ce in mako ya ƙare ba mu koma huɗu ba, kamfanin kai saƙo za ta nema, ni in koma bencin ƙofar gida.

Na wuce wajen mai gyaran waya na bakin layinmu. Na tambaye shi yadda mutum ukun da suka kushe mu a sharhi kwanan nan za su kayar da yabon ɗaruruwan mutane. Bai ɗago ba, yana ta lauya wata 'yar waya. Ya ce injin manhajar ba ya tuna alheri. Sharhin jiya ya fi na bara nauyi nesa ba kusa ba.

"Tsohon yabo tsohon batir ne, ƙanen Yaya," in ji shi. "Yana jikin waya, amma ba ya kunna ta."

Ashe manyanmu, Allah ya ƙara musu girma, sun riga manhaja gano wannan lissafi. Su kwashe shekaru suna barci, ana saura wata ɗaya ƙuri'a su zuba tsakuwa tifa biyu a titi, mu fito muna tafi. Taurari biyar. Mu ne injin.

Sharhin ukun duk ƙara ɗaya suka kawo: kaya sun makara. Biyu na ranar layin mai ne. Na tura babur tun safe har na iso bakin famfo, yaron gidan man ya ce mai ya ƙare. Ta bayan gida ana ta cika wa wata mota mai baƙin gilashi jarkoki. Babu wurin danna wa gidan mai tauraro.

Na ukun shi ne mai kisan. Tauraro ɗaya, daga hannun Hajiya, uwargidan Mai Girma Sarkin Yanka Kintinkiri. Gidan na nufa roƙo.

Mai gadi ya shanya ni a rana har sai da ya gaji da ganina. A falo na tarar da labulenmu a rataye, yana ta sheƙi. Hajiya ta ce ɗinki kam ba laifi, ƙawayenta ma sun tambayi inda ta saya. Matsalar ita ce don walimar duba aikin titi ta yi oda, ni kuma sai da baƙi suka watse na iso.

Na durƙusa. Na ce, ranki ya daɗe, duba aikin titin ne ya tare ni. An rufe hanya don ayarin Mai Girma ya wuce. Ina tsaye bayan shinge, labulenki a bayana, har ɗaga masa hannu na yi.

"To me ya hana ka fita da wuri?"

Tambaya ce mai kyau. Irinta ake yi mana a kan komai.

Daga baya ta sauko. Ta ce ba ta goge abin da ta rubuta, ba ɗabi'ar gidansu ba ce janye magana. Amma za ta sayi na ɗakin baƙi. In ya iso gobe kafin rana ta take, biyar za ta danna. Na tuna maganar mai gyaran waya: sabo ya fi nauyi. Na yi godiya har sau nawa ban sani ba.

A ƙofa mai gadi ya ce min in rage murna. Gobe ma akwai duba aiki, titin unguwarmu ne a layi, tun asuba za a rufe. Aikin da za a duba ramin da aka haƙa bara ne. Yana nan lafiya, ya ƙara faɗi.

Direban Mai Girma na gefe yana goge mota. Dattijo ne mai son hira. Na yi tunani kaɗan. A duk garin nan motarsa ce kaɗai ba ta bin layin mai, ba ta tsayawa a shinge, kuma gobe ta bakin layinmu za ta wuce ta dawo gidan nan. Na gaishe shi da Baba. Na yabi motar, sannan na faɗa masa damuwata. Ya ce in miƙo ƙunshin ta taga in sun tsaya jawabi, but ɗin motar fanko ne. Ya ba ni lambar wayarsa.

Na koma gida ina tafiyar wanda ya ci yaƙi. Na zayyana wa Yaya komai. Ta dakatar da keke. Ta daɗe tana kallona, irin kallon da take yi wa yadi kafin ta sa almakashi.

"Ka ce ba ya bin layin mai?"

Na ce ba ya bi.

"Ba ni lambarsa. Na samu mai kai kaya."

Na ba ta. Kullum ana kukan manya ba sa tallafa wa ƙananan sana'o'i. Ga shi sun fara, da tawa suka fara.