Hannun Yaya Hajo da bakina

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanenmu a Dakko ba, ko da kuwa na so in manta. Shekarun da ruwan madatsar Bakolori ya fara ratsa gonaki ke nan, kowa ya koma noman rani. Yayata Hajo, tun da mijinta ya rasu, da dashen shinkafa take ciyar da 'ya'yanta. Hannuwanta su ne jarinta.

Ana cikin haka ciwon daji ya kama ta, aka cire mata nonon hagu. Ni na yi jinyarta, a gabana kuma likita ya ja kunne: hannun hagun nan kada a ɗaure shi tamau, kada ya ji rauni, kada a ba shi aikin ƙarfi farat ɗaya. In ya kumbura, da wuya ya saɓe. Yaya kuwa roƙonta ɗaya: kada kowa ya ji. Tsumma take cusawa a riga, a gari an san dai ta yi zazzaɓi mai tsanani.

Ni kuwa tun daga nan na zama likitar kaina (mai aji huɗu na firamare, ku ji fa).

Ranar ƙunshi na shigo tsakar gida ɗauke da tulu, mata cike, dangin amarya da namu. Sai na hango goggon amarya ta zura hannun Yaya a zungurun lalle, tana tamke bakinsa da tsumma iya ƙarfinta. Ban san sanda na saki tulun ba.

"Goggo, kwance! Ba a ɗaure hannun ga! Gefen da anka yanke mata nono na!"

Goggo ta dube ni, ta dubi hannun. Ni ma na duba. Wayyo Allah, na dama ne! Ashe Yaya ta fi ni hankali, lafiyayyen ta miƙa, ta ɓoye ɗayan cikin mayafi. Idanun matan nan kaf suka koma ƙirjinta. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yaya ta yi wata dariya da ban taɓa jin irinta ba. "Ku rabu da ita, Goggo, tun tana ƙarama haukanta ka tashi. Lahiyata lau. Ga wanga ma, ɗaure shi."

Ta miƙa na hagun. Ina tsaye cikin ruwan tulu aka tamke shi a kan idona. Washegari don ta ƙara ƙaryata ni ta karɓi taɓarya, ta yi dakan biki har tafinta ya sale.

Kafin mako ya zagayo hannun ya yi ja, ya yi zafi, ya fara hawa. Mun koma asibiti, zafin ya tafi, kumburin ya zauna. Ba ta sake shiga fadama ba, babbar 'yarta aka cire daga makaranta ta maye gurbinta. Yaya ba ta taɓa yi mini faɗa ba, wallahi da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Na dai koyi abu guda: kafin ka yi ihun ceto, ka tsaya ka duba wane hannu ne. Yanzu kullum ni nake zuwa in ɗaura mata zani, don hannun ba ya lanƙwasuwa. In na gama sai ta ce, "Sannu, likita."