Yadda Za Ka Adana Babur Ɗinka Har Ƙanƙara Ta Narke Ba Tare Da Matarka Ta Sayar Da Shi Ba

In kana da babur, kana kuma da mata mai son ka rabu da shi, zauna ka karanta. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, babur ɗin zai yi wata bakwai cur a garejinka, ƙanƙara ta sauka ta narke, ko ɗigon tsatsa ba zai taɓa shi ba. An gwada hanyar. Wanda ya gwada ta maƙwabcina ne a nan garin Kajaani, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa rabin shekara, Reijo, dattijo ɗan shekara sittin da takwas, tsohon ma'aikacin masana'antar takarda. Rabin abin ta taga na gani, sauran shi ya ba ni labari da bakinsa.

Mataki na 1: Fara da faɗuwa

Reijo ya yi tasa a ƙarshen Satumba, a kan jiƙaƙƙen ganye, a shataletalen bakin kasuwa, yana tafiyar da ko mai keke zai wuce shi. Ƙashin kafaɗa ya karye. Babur ko ƙwarzane bai yi ba. Matarsa Sirkka ta iso asibiti a guje, takalminta wari da wari, abin da ya fara tambayarta shi ne wa ya ɗauke babur daga titi.

Kai ma yi wannan tambayar. Tana rage jira, don nan take ake yanke hukunci.

"Za ka sayar da shi, Reijo. Ba shawara nake ba ka ba."

Mataki na 2: Ce "to"

Gardama aikin sabon ango ce. Gogagge sunkuyar da kai yake yi.

"To, zan sayar," in ji Reijo. "Amma wa ke sayen babur a Oktoba in ba mahaukaci ba? Bari in adana shi yadda ya kamata, in ƙanƙara ta narke mu sami mai saye na mutunci."

A ransa kuwa ya gama tsara komai: wata bakwai ba kwana bakwai ba ne, kafaɗa za ta warke, Sirkka za ta manta. Mata ba sa mantawa, amma kada wannan ya dame ka yanzu.

Mataki na 3: Yi masa wanka

Datti yana riƙe laima, laima tana kawo tsatsa. Wanke shi tas, ka goge shi har ya bushe. Aikin awa biyu ne, saboda haka ka ware masa kwana uku. Reijo da hannu ɗaya ya yi, ɗayan yana rataye a wuya. Rana ta uku Sirkka ta leƙo gareji ta tsaya cak.

"Wannan ba tawul ɗin baƙi ba ne?"

"Ai shi ma baƙo ne yanzu, tunda kin ce tafiya zai yi."

Ta ja ƙofa ta rufe. In taka matar ta yi shiru irin wannan, ɗauka ka ci nasara. Ba ka ci ba, amma aikin zai fi maka daɗi.

Mataki na 4: Mai, giris da ɓeraye

Juye tsohon baƙin mai ka zuba sabo. Cika tanki fal, don rabin tanki yana tara raɓa a ciki. Shafa wa sarƙa giris. Ɗaga tayoyin a kan katako kada su kwanta. Sannan ka toshe salansa, in ba haka ba ɓera zai tare a ciki da iyalinsa. Tsumma ya isa, amma Reijo ya ga tsumma bai dace da babur ɗinsa ba, sai ya cusa safar ulu da Sirkka ta saƙa masa.

In aka tambaye ka dalilin cika tankin abin da za a sayar, ka ce haka masu mutunci ke yi.

Mataki na 5: Shigo da shi gida, kaɗan kaɗan

Batir ba ya jure sanyi, wannan kowane bakanike zai shaida. Cire shi ka kai ɗaki. Reijo ya ba nasa wuri a kabad ɗin kicin, kusa da gwangwanin gahawa. Bayan kwana biyu ya tuna fatar kujera tana tsagewa a sanyi, ya kwance ta ya tura bayan kushin ɗin falo. Hikimar a fili take: babur marar batir marar kujera, wa zai kalle shi sau biyu?

Mataki na 6: Kori mai saye

Yayin da kake wannan hidima, matarka za ta ɗauki hoton babur da waya ta sa a kasuwar intanet. Haka Sirkka ta yi. Ranar Asabar ɗin da ƙanƙarar farko ta sauka, wata mata ta ƙwanƙwasa ƙofa. Outi sunanta, ma'aikaciyar jinya, ta ba hamsin baya, ga faɗin kafaɗa.

A nan sai ka kushe kayanka ba tausayi.

"Shan mai yake kamar rami," in ji Reijo. "Da safe ba ya tashi. Birkinsa kuwa sai ranar da ya ga dama."

Outi ta durƙusa ta shafa sarƙa da yatsa, ta leƙa tanki, ta zaro safa daga salansa ta duba saƙar.

"Reijo, shekara biyu ina yawon duba babura, ban ga wanda aka riƙe haka ba. Ina batir?"

"Ya ɓace."

"Yana kusa da gahawa!" Sirkka ta ɗaga murya daga tagar kicin. "Kujerar kuma tana bayan kushin!"

Aka ɗauko aka ɗaura. Dannawa ɗaya injin ya kama, da wata murya mai taushi da ta cika garejin. Reijo bai san lokacin da bakinsa ya washe ba.

"Kin ji ko? Shekara talatin da ɗaya, ko tari bai taɓa yi ba!"

Sai da ya rufe baki ya ji abin da ya faɗa. A teburin kicin aka ƙarasa ciniki, da gahawa da burodi mai zaƙi. Da ya zo sa hannu a takarda, ya daɗe yana jujjuya biro. Ya ce kafaɗar ce.

Mataki na 7: Karɓi ajiya

Outi a hawa na huɗu na wani bene take zaune, ba ta da gareji. Tana sa kwat ta juyo.

"Zai iya zama a nan har Mayu? Ban san wanda zai fi ka kula da shi ba."

Ka gani? Babur yana garejinka, kamar yadda na ce. Ban ce naka ne ba.

Reijo ya sake cire batir, ya mayar da safa, ya lulluɓe shi da tsohon zanen gado. Kullum da hantsi, a sanyin da ke daskarar da gashin hanci, sai ya fita ya ɗaga zanen, ya juya taya da hannu, ya tsaya yana kallon babur ɗin da ba nasa ba. Sirkka ba ta taɓa hana shi ba. Daga baya ma ta riƙa cika masa filas da gahawa kafin ya fita.

Mataki na 8: Hau baya

Mayu ya zo, titi ya bushe, Outi ta zo da hular kwano. Sirkka ta shiga ɗaki ta ɗauko tata tsohuwar hular ta miƙa wa mijinta.

"Outi, don Allah zaga da shi bakin tafki sau ɗaya, ya yi sallama."

Reijo bai taɓa zama a bayan babur ba a rayuwarsa. Ya hau yana gunaguni. Bayan minti ashirin suka dawo. Ya sauko da ƙyar, ya dafa katanga, fuskarsa fara fat kamar madara. A hankali Outi ta yi tuƙi, ya ce, amma a baya ba ka ganin hanya, ba ka da birki, ba ka san lokacin da kwana za ta zo ba, sai dai ka ji ƙasa ta taso maka.

Ya dubi matarsa. "Haka bayan yake?"

"Haka yake."

"Duk shekarun nan da nake goya ki? Me ya hana ki faɗa?"

"Na faɗa. Ihu nake yi, Reijo."

Ya juya hular a hannu.

"Wallahi na ɗauka waƙa kike yi."

Outi ta ɗaga musu hannu ta ja babur ɗinta. Suka tsaya a bakin gareji su biyu har ƙarar ta ɓace. Sannan Sirkka ta karɓi hular, ta riƙe masa hannu, suka shiga ciki.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora bai taɓa hawa babur ba, kuma ba shi da niyya. Duk abin da ya same ka a sanadin bin matakan nan, a jikinka ne, a garejinka ne, ko a aurenka, kai ka jawo, kai za ka ɗauka. Kada ka zo ƙofata da ƙorafi. In ka ga labule ya motsa, iska ce.