Yadda Na Je Gwaram a Cikin But

An yi wa lallena ƙazafi, kuma har yau da nake rubuta wannan babu wanda ya ba ni haƙuri. Damina biyu ruwa yana taruwa a but ɗin motar maigidana, damina biyu ana cewa wai buhunan lallena ne suke gumi. Busasshen lalle, wanda na daka na tankaɗe da hannuna, wai shi ne yake gumi har ya cika ramin safayar taya da ruwa. Abin da na yi don in wanke kaina kuwa, ko ni na so in manta, mutanen Gwaram ba za su bari ba.

Malam, maigidan nawa, ma'aikacin gona ne a Birnin Kudu. A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, abokansa kowa ya sayi sabon babur, shi kuwa ya je ya kwaso wata tsohuwar baƙar mota wadda ta girmi 'yarmu ta fari. Idan motar nan ta yi tari, Malam ba ya cin tuwo. Ni amfani ɗaya take yi mini: duk ranar kasuwar Gwaram aiki yana kai shi can, sai in saka buhu biyu na garin lalle a but, ya miƙa wa ƙanwata ta sayar mini. Sana'ata ke nan, ba ni da wata.

Da buhu na uku ya jiƙe ya cure, Malam ya kai motar wurin Garba bakanike. Garba ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa murfin but, ya ce wannan ƙarfen da ne, ba ya yoyo, kayan mata ne suke jawo danshi. Malam ya dawo gida da hukunci: daga yau kada ya ƙara ganin ko mudu ɗaya na lalle a motarsa, kada in ruɓar masa da ƙarfe.

Na ce, "Malam, da bazara an fi zafi, me ya hana lallen gumi?"

Ya ce, "Kin fi bakanike sani ne?"

Ban san mota ba, amma na san yoyo. Duk macen da ta zauna a ɗakin kwano ta san ba a hawa sama a neme shi. Ciki ake shiga da rana tsaka, a rufe ƙofa da taga, a ɗaga kai. Inda haske ya shigo, ta nan ruwa zai biyo. Ga shi lokacin ina da shekara arba'in da ɗoriya, watana shida a ajin yaƙi da jahilci, na iya rubuta lamba har ɗari, ina ji da kaina kamar in je in karɓe aikin akawu.

Ranar wata Asabar Malam zai kai Limamin unguwarmu Gwaram, walimar saukar karatu a gidan ƙanin Liman. Na ji da kunnena sun ce sai bayan la'asar. Ana idar da azahar Malam ya kishingiɗa, layi ya yi shiru, na kira maƙwabciyata Hajara. Na ɗauki tocila, da guntun allin da na aro a aji, da rabin buhun lallen da ya lalace don in yi matashi. But ɗin ba ya buƙatar makulli, wani maɓalli ake dannawa daga waje (daga waje kaɗai, wannan sai daga baya na yi tunaninsa).

Hajara ta ce, "Yaya, ke da jikokinki za ki shiga akwatin nan?"

Na ce, "Rufe ni, ki je rijiya ki ɗebo bokiti biyu ki kwara a kai. In na buga sau uku ki buɗe."

Na naɗe ƙafafu na kwanta, ta rufe. Warin fetur da tsohuwar roba, duhu kamar kabari. Da idona ya saba, sai ga wani siririn haske kamar zare a gefen fitilar baya ta hagu. Na kunna tocila na rubuta 1 a samansa. Can a kusurwa, ƙarƙashin gilashin baya, ga wani ɗigon haske kamar kafar allura. Na rubuta 2. Ina cikin yaba rubutuna sai na ji sallama, na ji muryar Liman yana cewa, "Hadari ya haɗo daga gabas, gara mu kama hanya tun yanzu." Na ji muryar Garba ma, don Malam ba ya doguwar tafiya sai da shi.

Za ki ce me ya hana ni ihu. To, Liman ne fa, mutumin da ya raɗa wa 'ya'yana duka suna, wanda ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. In fito masa daga but? Na ce a raina, motar nan ba ta taɓa tashi a bugu ɗaya ba, sai an tura, kafin nan Hajara ta dawo ta san dabarar da za ta yi. Ranar, bugu ɗaya ta tashi. (Hajara ta ce da ta fito da bokitinta ta ga wurin fayau, zama ta yi daɓas a ƙasa tana salati.)

Ban san hanyar Gwaram tana da ramuka haka ba, sai da na ƙirga su da haƙarƙarina. Jak ɗin ɗaga mota yana zungurata, safayar taya tana tokare mini gwiwa. Kafofin yoyon da nake nema su suka ba ni iska, na gode musu. Abin da ya fi ciwo shi ne, kujerar baya ce kawai tsakanina da mazan nan, duk hirarsu a kunnena.

Malam ya ce, "Tun da ta fara zuwa ajin nan, ko cewa aka yi gishiri ya yi yawa sai ta nemi hujja."

Garba ya yi dariya ya ce, "Boko ke nan, ranka ya daɗe."

Malam ya ce, "Yau kuwa za a raba gardama. Babu kayanta a ciki. In an yi ruwa, muna isa zan buɗe ku gani, a bushe zai kasance."

Sai da na cusa bakin mayafi a bakina don kada in amsa masa.

Sai ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Lamba ɗaya ta fara ɗiga mini a kunne. Lamba biyu ta zubo kamar indararo. Sai ga wani wurin da haske bai nuna mini ba, ruwa yana malalowa ta bakin murfin daga sama. Na miƙa hannu na rubuta 3, mota tana wulli da ni. Wallahi ban taɓa jin daɗin jiƙewa irin na ranar ba. Na kwantar da kuncina a kan buhu ina murmushi ni kaɗai. Ni da na shekara ashirin ina sana'ar lalle, na manta abin da jiƙaƙƙen lalle yake yi wa fata idan ya sami awa guda.

Mota ta tsaya, ruwa ya tsagaita. Na ji gaishe-gaishen maza masu yawa, sannan muryar Malam dab da kaina: "Allah gafarta Malam, zo ka shaida. Garba, matso."

Murfi ya ɗaga. Sama da mutum ashirin a ƙarƙashin rumfa, kowa da babbar riga, kowa ya zuba mini ido. Na yunƙura in durƙusa in gai da Liman, kaina ya daki murfin, ƙau. Na ce, "Allah gafarta Malam, ina wuni."

Liman, Allah ya ji ƙansa, ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Lafiya lau, uwargida. Ya hanya?"

Na ce, "Akwai ramuka."

Ya juya ga Malam ya ce, "To, kayan dai ban sani ba, amma mai kayan ta iso."

Wani dattijo ya tambaya, "Wace ce?" Malam ya amsa wa takalminsa, "Iyalina ce."

Garba ne ya fara farfaɗowa. Ya nuna buhun ya ce, "Ai ga shi nan. Ga lallen nan, shi ya jawo."

A nan kunyata ta ƙare. Na sauko ruwa yana bin zanina, na jawo buhun na yar a ƙasa, na ce a ara mini buta. Liman da kansa ya karɓa, ya ce, "Ina zan zuba?" Na nuna masa saman fitilar hagu. Ya zuba, ruwa ya ɓullo ta ciki daidai ƙarƙashin lamba ɗaya, don robar da ke bayan fitilar ta bushe ta tsage. Ya zuba a kusurwar gilashi, ya fito a lamba biyu, inda tsatsa ta huda ƙarfen da ba ya yoyo. Na sa yatsa a 'yar kwatar da ta zagaye bakin but, na kwaso ruɓaɓɓen ganyen darbejiyar ƙofar gidanmu cike da hannu, na miƙa wa Garba.

Liman ya sunkuya ya ƙura wa rubutuna ido. "Wannan uku ce?"

"Uku ce. Rami muka faɗa."

Garba ya ce dama shi ya daɗe yana zargin fitilar nan.

Mata suka ja ni cikin gida suka ba ni busasshen zani, suna dariya har da riƙe ciki. Na ɗauka but ɗin suke yi wa dariya, sai da aka miƙo mini madubi. Rabin fuskata, daga kunne zuwa hanci, ja wur, har da zanen saƙar buhu. Da wannan fuskar na yi wa malamai bayani. Sati uku ina yawo da ita, malamar aji ma sai ta juya ga allo in za ta yi mini tambaya. A dawowa an ba ni kujerar baya, jikin taga, har Birnin Kudu kuwa maganar damina da farashin taki kawai aka yi.

Abin da na koya bai da yawa: gaskiya tana da daɗi, amma kafin mace ta shiga but nemanta, ta fara leƙa gabas ta ga ko hadari ya haɗo.

Washegari da sassafe, Malam yana zaure ya ɓoye fuska a bayan rediyo, na fito da tsohon tub ɗin keke da almakashi, na yanka roba na sa a bayan fitila. Na kankare tsatsar da wuƙa, na narka kwalta a gwangwani na toshe hudar, na share kwatar da tsinken tsintsiya. Hajara ta kwara bokiti huɗu, ko ɗigo. Ban tambayi kowa ba, na ɗauko sababbin buhuna biyu na jera a ciki, na rufe but ɗin da hannuna, ina tsaye a waje.