Rasuwar Kaka, Kwamfutar da Aka Hana Taɓawa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, Injiniya, a madadin kansa da matarsa da duk masu sa hannu a manhajar tsara jadawalin darussa, yana sanar da rasuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da Kaka. Ta cika ranar Laraba da hantsi, a mazauninta na ƙarƙashin teburin guga, tana da shekara goma sha uku.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, a kanta aka haifi manhajar. Matar Injiniya mataimakiyar shugaban makaranta ce, kuma duk farkon zango sai ta kwashe kwana biyar da rula da fensir tana raba malamai a azuzuwa, har a gida daga nesa ake gaishe ta. Don neman zaman lafiya ya rubuta manhajar, ya sake ta kyauta kuma a buɗe, kowa ya gani ya gyara. Yau makarantu sittin da ɗoriya ke amfani da ita.

To, manhaja ba ta tsayuwa ita kaɗai. Tasa ta jingina da ƙananan manhajoji arba'in da bakwai da wasu bayin Allah suka rubuta, kayan aro ke nan. Masu kayan kuwa ba sa zama: yau su toshe kafa, gobe su sake fasali, jibi su janye tsohuwar siga gaba ɗaya. Shekara tara da suka wuce Injiniya ya sabunta guda ɗaya, sai jadawali ya fito da malamin lissafi a azuzuwa uku lokaci guda. Tun daga ranar ya ɗaure kowanne a inda yake, ya manna takarda a goshin Kaka: KAR A TAƁA.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai riƙon amana. Duk duniya a cikinta kaɗai tsofaffin kayan nan suka rage, don haka ita kaɗai ke iya haɗa sabuwar fitowar manhajar. An ɗora mata kwandon wanki, an ajiye mata kofin shayi a ka, kyanwa ta mai da bayanta wurin jin ɗumi, ba ta taɓa ƙorafi ba. Iyakarta “wuuuu” na fanka, sai “ƙyat-ƙyat-ƙyat” in aiki ya yi nauyi. Injiniya yana son wannan ƙarar, shi kansa ya faɗa.

Ba za a ce ba a yi gargaɗi ba. Akwai wani ɗan aike na intanet mai sarrafa kansa da ke turo sanarwa duk lokacin da wani kayan aro ya samu sabuwar siga. Ya turo ɗari biyu da goma sha huɗu. Ƙanwar Injiniya, abokiyar aikinsa a manhajar, ta yi magana har bakinta ya gaji.

“Yaya, don Allah ka bar ni in riƙa sabunta ko ɗaya ne duk mako.”

“Ke dai kin cika gaggawa. Me Kaka ta yi miki? Sai an samu sarari.”

Sararin bai zo ba, ajali ya riga shi. Bana makarantu sun ƙara darasi na tara a rana, manhajar kuwa takwas ta sani. An rubuta gyaran ranar Talata, saura Kaka ta haɗa. Da Injiniya ya danna maɓalli, sai ta ce “ɗit, ɗit, ɗit”, ɗakin ya ɗauki ƙaurin waya. Mai gyara ya buɗe ta, ya daɗe yana kallo, ya mayar da murfin a hankali.

“Injiniya, sai haƙuri. Ina ka kwafe kayan cikinta?”

Ya kwafe, ba shakka. Kwafin yana nan cikin Kaka, a wata jaka mai suna Ajiya.

An gwada sabuwar kwamfutar ƙanwarsa. Cikin kayan aron, talatin da ɗaya sun ƙi ko gaisawa da manhajar, shida kuma masu su sun janye su tuntuni.

Marigayiya ta bar allo mai zane a gefe, da linzamin kwamfuta mai tafiya hagu in an ce dama, da kyanwa marar wurin kwana, da makarantu sittin da za a buɗe ranar Litinin. Ta kuma bar matar Injiniya. Matar dai ta fito da rula biyu da fensir biyu, ta jera su a kan teburin cin abinci, ta jawo kujera ta biyu.

Za a raka Kaka shagon mai sayen tsofaffin ƙarafa ranar Asabar da ƙarfe tara na safe. Daga nan za a zauna karɓar gaisuwa a falon Injiniya, kuma ana roƙon kowa ya zo da kwamfutarsa da caja. Duk wanda ya ce “ya haƙuri”, za a miƙa masa sanarwa biyar daga cikin ɗari biyu da goma sha huɗun nan.

Ta farko, mafi tsufa, Injiniya ya ce a bar masa. Ƙanwarsa ta riga ta duba ta: da an karɓe ta a shekarar da ta zo, layi ɗaya za a canza. Yanzu dubu uku ne. Takardar goshin kuwa ya roƙa kar a cire, a bar ta ta tafi tare da Kaka.