Goron Malam Sada

Ba na jin zan taɓa mantawa da makon da aka kawo mana kwamfutar duba ƙwaƙwalwa. Farkon mulkin farar hula ne, asibitinmu a Katsina ya samu sabbin kaya, aka tura ni kwas na sati biyu a kanta. Na dawo ina taku kamar ni na ƙera ta (har tabarau na saya, alhali idona garau).

Aikina bai taka kara ya karya ba: in manna wa mutum wayoyi a ka, kwamfuta ta zana layukan motsin ƙwaƙwalwarsa, likita ta zo ta karanta. Karatun ba nawa ba ne, amma wa ya isa ya faɗa mini?

Sai ga Malam Sada, direban motar hatsi a Babbar Kasuwa. Ya taɓa yanke jiki ya faɗi, maigidansa ya ce in farfaɗiya ce to ya ajiye makulli. Na manna masa wayoyi, na ce ya rufe ido ya natsu. Na juya masa ƙeya ina yi wa nas-nas biyu bayanin da ba su tambaya ba.

Layuka suka haukace, sama da ƙasa. Na zare tabarau, na sassauta murya.

"Baba, sai haƙuri. Kai da tuƙi kam an gama."

Bawan Allah ya buɗe ido ya ce, "To ɗana, da mi zan ci da iyali?"

Ana haka Likita Ladi, 'yar Filato, ta shigo. Ta kalli kwamfuta, ta kalle shi.

"Baba, me ke bakinka?"

"Goro ne, likita. Tsoron wayoyin ga ya sa na jehwa ɓari guda."

Ashe tauna na karanta! Nas-nas suka fice da gudu, ina jiyo dariyarsu a baranda. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Ya kurkure baki aka sake, layuka suka kwanta lafiya lau. Faɗuwar ma, likita ta gano rana ce da yunwa. Malam Sada ya rungume ni don murna, ni da na kusa raba shi da sana'arsa.

Har yau in ya biyo ta asibiti sai ya miƙo mini goro, ya ce, "Likitan tauna, ga ciwon naka."

Ni kuwa tun ranar, kafin in kalli kwamfuta sai na ce, "Baba, buɗe baki."