Ƙugiyar da ke Jikin Akuya

"Na sumbaci hannunki, Mamaie. Ashe har kin tashi?"

"Da so ka yi in kwana biyu? Tun ba a haifi ubanka ba nake riga kaji tashi. Matsa min in ga ɓarnar da ka yi."

Ina jin haka na ajiye kwanon waken da nake ɓara na jingina da shingen da ya raba gidajenmu, don ni dai ban iya jin Safta da jikanta Horia, mai kiranta Mamaie, sun fara cacar bakinsu in wuce ba. Wata tara yaron nan ya yi a rumbun ciyawa yana fama da tsohuwar motar kakansa, marigayi Neagu, Tataie a bakin Horia, wadda duk ƙauyenmu ke kira Akuya saboda babu dutsen da ba ta hau ba a zamaninta. Kafin nan kaji ne ke ƙwai a kujerarta. Ranar Juma'a ce, washegari kuma Neagu zai cika shekara bakwai da rasuwa, addu'ar ƙarshe ke nan da ake yi wa mamaci a kan kabarinsa. Kabarin yana can tsohon ƙauye a kan dutse. Tun da ƙasa ta zaftaro ta cinye titi sai hanyar masu saran itace ta rage, gwiwoyin Safta kuwa sun ƙi tafiyar ƙafa, rabonta da wurin shekara huɗu. Ta riga ta dafa alkamar sadaka da zuma tana jiran Akuya.

Safta ta zagaya motar hannu a baya, ta tsaya a gefen gilashi.

"Wannan bututun murhun fa? A ciki za ka riƙa tuƙa tuwon masara?"

"Hancinta ne, Mamaie. In muka shiga rafi, ta nan injin zai sha iska."

"Ita ta sami hanci. Ni fa, ta ina zan sha tawa?"

"Ke ai ko a bakin rafi kika tsaya ruwa zai rufe ki. Na tanadar miki tiyo."

"Ji mara kunya. Ni da na fitar da motar nan daga rafin Sarat da kafaɗata, da cikin ubanka wata takwas."

"Bara kin ce wata shida ne."

"Cikin ya ƙara girma. Wannan igiyar ƙarfen da ka naɗe mata a baki kuma ta mece ce?"

"In ta maƙale a laka, sai in ɗaura a bishiya, ta ja kanta da kanta ta fito."

Safta ta duƙa ta ƙura wa abin ido, har da taɓawa da yatsa. Na san ya burge ta, amma ko da wuƙa a wuya ba za ta faɗa ba.

"Kakanka da shanu biyu da zagi uku yake wannan aikin. To nawa take ja? Za ta iya jawo maka mata? Shekara ashirin da takwas, ƙawayenka duk ƙarafa."

"Na ga yadda Tataie ya ƙare a hannunki, shi ya sa nake bi a hankali."

"Da tumbi ya ƙare, da riga mai guga. Kai dubi wuyanka, kamar na kazar da aka fige."

Horia ya yi dariya ya goge hannu da tsumma, sai ya ja ta zuwa ƙofar fasinja ya nuna wani abu a waje, daf da bakin ƙofar daga ƙasa. Wata ƙugiya ce ta ƙarfe, ya kankare mata tsatsa har tana sheƙi.

"Tunda kin san komai, gaya min wannan. Na duba hotunan motoci irinta sun fi ɗari, babu mai ita. Na tambayi tsofaffin direbobi, wani ya ce ta rataye fitila ce, wani ya ce ta zomon da aka harbo. Na dai bar ta don hannun Tataie ne ya yi waldar."

"Nan muke rataye ubanka in ya dame mu da kuka."

"Mamaie, da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake. Kai ma da ka zo da wuri da ka ɗana. Buɗe min in ji ko kujerar ta daina warin kaji."

Ya buɗe. Safta ta kama ƙofar da hannu ɗaya, ta tattare siket, ta ɗaga ƙafa. Ƙafar ba ta kai ko rabi ba. Ta sake gwadawa da ɗayar. Yaron ya sa wa Akuya manyan tayoyi, ya ɗaga ta sama fiye da tafin hannu biyu don kada cikinta ya bugi dutse, ya auna komai da komai, bai auna kakarsa ba.

"Horia."

"Na'am."

"Mota ka gyara ko bene ka gina?"

"Ke ce kika ƙara gajarta a hunturun nan. Zo in ɗauke ki, ai ba ki kai buhun dankali ba."

"Taɓa ni ka gani. A gaban limamin coci da dangin Neagu za ka sauke ni kamar kaya? Ban taɓa zuwa wurin mijina a ɗauke ba, ba kuma gobe zan fara ba. Ina matakina?"

"Wane mataki?"

"Katakon da ke ƙarƙashin ƙofar nan."

"Wai wannan da yake lilo? Tun watan Oktoba na kwance shi. Dutsen farko zai fizge shi, Mamaie, a hanyar daji ba a barin komai yana reto a ƙasa. Na jefa shi cikin itacen girki."

"Cikin itacen girki."

"Eh."

"Muka kuma yi hunturun da har gindin tsintsiya sai da muka ƙona."

Dariyar ta ɗauke daga fuskar yaron. Wallahi tausayinsa ya kama ni, wata tara yana barin fatar yatsunsa a jikin ƙarfe saboda rana ɗaya tak, ga shi ranar tana neman kuɓucewa a kan guntun katako.

"Zan yi miki na ƙarfe yanzun nan. Walda ce, awa biyu."

"Na ƙarfen shi dutse ba ya ganinsa? Kai ka ce ba a barin komai a ƙasa."

"To in ɗauko kujera mu tafi da ita."

"In taka kujera a maƙabarta kamar mai shirin yin waƙa. Kakanka aji huɗu ya yi, kai an ce har jami'a." Ta juyo ta dube ni. "Lina, tunda kunnuwanki sun riga sun shigo gidan, shigo da sauran jikin. Shiga ɗakin girki ki ɗauko min abin da ke ƙarƙashin bokitin ruwa."

Ban ko ji kunya ba, na tsallaka. Katako ne mai kauri, ya yi baƙi don tsufa, tsakiyarsa ya lotsa inda ƙafa ta saba taka shi. Madaurai biyu na fata a bayansa, zoben ƙarfe ɗaya a gaba. Horia ya karɓa yana juya shi.

"Kullum a kansa nake ɗiban ruwa!"

"Wata takwas kana kallonsa, idonka kamar na 'yar tsana. Ranar da ka yar da shi na bi bayanka na tsince."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ina so in ga ko jami'ar za ta gaya maka."

Horia ya sa yatsa cikin zoben, ya dubi zoben, ya dubi ƙugiyar. Ya durƙusa ya kara katakon a ƙarƙashin ƙofa, ya naɗo shi sama, zoben ya shige ƙugiyar ƙwas.

"Kai! Ashe ɗage shi ake yi!"

"A makon da ya kawo motar ya yi min shi. In na hau sai ya rufe ƙofa, ya ɗage, ya rataya, sannan ya zagaya ya shiga. In mun isa ya zagayo ya sauke. Shekara arba'in da biyar, ko muna cikin faɗa. Dutse bai taɓa samunsa ba."

Horia ya ɗauko sufana da sabuwar fata mai tsawo, kafin in gama ba Safta labarin surukar maƙwabcinmu Ilie ya ɗaure matakin. Da ta gwada, da saura kaɗan. Sai ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana sace musu iska.

"Dama a kan duwatsu sai an rage musu, sun fi kama ƙasa," in ji shi.

"Ka ga wayon 'yan boko, Lina. A sayi manyan takalma, a dawo a rage su."

Ta taka katakon, ta kama ƙofa, ta ja numfashi, sai ga ta zaune a kujera, ɗankwalinta ko karkacewa bai yi ba. Don murna Horia ya buga ƙofar, ya ruga ya shiga, ya murɗa makulli. Akuya ta yi tari sau biyu ta kama, kaji suka watse.

"Mu je gwaji har gada!"

"Ba inda za ni."

Tana zaune hannu a cinya tana kallon gaba. Ya dube ta, ya dubi sitiyari, sannan ya dafe kai. Ya sauko, ya zagayo ta gaban motar, ya duƙa ya ɗage katakon ya rataya.

"Kakanka ba sai an tuna masa ba," in ji Safta ta taga.

"Shi ai tsoronki yake ji."

"So na yake yi, jaki. Tsoron naka ne."

"Na yarda, Mamaie. Kin ci."

Ta yi dariya har da share ido da bakin ɗankwali, ta laluba aljihun gaban rigarta ta zaro tsohuwar hular fatar Neagu, wadda ba wanda ya gani tun ranar jana'iza, ta miƙa masa ta taga.

"Ungo. Za ta yi maka yawa, kanka ba komai a ciki, sai ka cusa takarda. Gobe kuma in mun isa, kada ka yi saurin kashe injin. Ka bar shi ya ɗan yi ƙara, kakanka ya ji mun zo."